Shekarar da Abba Ya Rage Mini

"Ajiye wayar nan ki dube ni, don Allah!"

Ban ajiye ba. Yatsana na kan shafin ofishin neman zama ɗan ƙasa, karo na tara ke nan tun safe, kuma rubutun yana nan yadda na bar shi: ana kan duba takardunku. Wata ashirin da shida yana faɗa mini haka, ko kunya ba ya ji.

"Ta Baya, da ke fa nake."

Haka saurayina yake kirana. Ranar da muka kai takardunmu, shi ya ciri lamba arba'in da ɗaya, ni arba'in da biyu. Awa huɗu muka yi a kan kujerun roba. Ya ara mini biro, na riƙe masa jaka ya je ya yi salla. Kafin a kira mu har na san aikin wutar lantarki yake yi, shi kuma ya san a shagon wanki da guga nake. Tun daga ranar nake ce masa Na Gaba.

Nasa ya fito cikin wata bakwai. Nawa kuwa kamar an jefa shi rijiya.

Ya shimfiɗa wata takarda a kan teburin guga, kusa da farar rigar da nake gogewa.

"Kamfani sun yi mini canjin wurin aiki. Tafiyar yini guda ce a jirgin ƙasa. Ƙarshen watan gobe zan koma."

Na dubi takardar. Na dake.

"Allah ya sanya alheri. Ku ai komai naku da wuri yake fitowa."

"Ku su wa?"

"Ku 'yan ƙasarku mana! 'Yan gata. Da an ga launin fasfonku sai a buga hatimi. Mu kuwa sai an wanke mu an shanya."

"Haba masoyiya... bakinmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya. Iyaka ce kawai ta ratsa tsakanin garinmu da naku."

"To iyakar ce ta ba ka wata bakwai, ni ta ba ni ashirin da shida!"

Ya matso kusa da ni. Sannan ya sassauta murya, irin sassaucin da ke kashe mini jiki.

"A ɗaura mana aure kafin in tafi. Mu tafi tare."

"Ka san sharaɗin Abba."

"Na sani. Shekara biyu ina sane da shi. Wallahi ban gaji da ke ba, jiran ne ya ishe ni. Idan na tafi ni kaɗai, ban san me nisa zai yi mana ba... kuma tsoro nake ji."

Ƙauri ne ya katse mu. Na ɗaga dutsen guga da sauri, ga shatinsa nan ja a wuyan rigar mutane. Na fashe da kuka, ya ɗauki takardarsa ya fita.

Sharaɗin Abba ba na mugunta ba ne, shi ya sa ya fi ciwo. Ƙanwarsa, Goggona, a kan takardun mijinta ta zauna a ƙasar nan shekara tara. Ranar da auren ya mutu, izinin zamanta ya bi shi. Ta koma gida, ta bar 'ya'ya uku. Abba ne ya raka ta filin jirgi, kuma a hanyar dawowa ya yi rantsuwa cewa 'yarsa ba za ta shiga ɗakin miji ba sai da takardarta a hannunta.

Da yamma na same shi a teburinsa na bakin taga, madubin gyaran agogo manne a ido, yana tsintar wata 'yar ƙaramar ƙusa da hantsaki. Malamin makaranta ne a can gida, a nan kuma agogo yake gyarawa. Mutum ne da idan ka makara da minti biyu sai ya faɗa maka.

Na durƙusa gefensa.

"Abba, tafiya zai yi."

"Na ji, Auta."

"Abba, ba irin mijin Goggo ba ne. Kai da bakinka ka ce yaron kirki ne."

"Shi ma wancan yaron kirki ne ranar ɗaurin aure." Bai ɗago ba. "Ki ƙara haƙuri. Ta kusa fitowa."

"Yaushe? Bara ma haka ka ce!"

Umma ta miƙe tsam ta shige kicin, ta kunna famfo. Na daɗe da lura, duk ranar da aka tayar da maganar takarduna, sai Umma ta tuna da wanke-wanke.

Kwana goma ban san inda kaina yake ba. In ɗaga waya, in ajiye. In leƙa akwatin wasiƙu da safe, in sake leƙawa da rana, alhali sau ɗaya mai kawo wasiƙa yake zuwa. Na shiga duk wani zauren hira na masu jira irina. Wannan ta ce 'yan ƙasarmu sai sun shekara uku, wancan ya ce ƙarya ne, ƙaninsa wata biyar ya yi. Kowa malami ne, ba wanda ya san komai.

Na Gaba yana turo mini saƙo kullum: kin ci abinci? Ni kuma ina amsawa da kalma ɗaya, don idan na ƙara ta biyu kuka zan yi.

A rana ta goma sha ɗaya na samu ganin ma'aikaciyar da fayil ɗina ke hannunta. Dattijuwa ce mai furfura, gilashinta rataye da igiya. Ban tsaya kwana-kwana ba.

"Ki faɗa mini gaskiya. Don ƙasata ce kuka ajiye ni?"

Ta cire gilashin ta dube ni.

"Ni dai a teburin nan ba na jera mutane bisa ƙasarsu. Amma idan takarda ta saɓa wa takarda, dole mu rubuta wa ƙasar mutum mu tambaya. Wani ofishin ya amsa cikin mako uku, wani mu yi ta jira. Naki mun rubuta sau uku."

"Wace takarda ce ta saɓa?"

Ta juyo mini da fayil ɗin. A dama kwafin fasfona ne da shaidar makaranta. A hagu kuma wata tsohuwar takardar haihuwa, ta yi ja don tsufa, wadda ban taɓa gani ba tunda nake. Sunana ne, sunan Abba ne, ranar da watan duk nawa ne. Shekarar ce ba tawa ba. Takardar ta girme ni da shekara ɗaya cur.

"Idan akwai wanda ya san yadda aka yi, ya rubuto bayani bisa rantsuwa," in ji ta. "Ban yi miki alkawarin komai ba. Amma ya fi zaman jiran wasiƙar da ba a san ranar zuwanta ba."

Ban san yadda na iso gida ba. Na ajiye kwafin a kan teburin Abba, a tsakiyar agogunansa.

Umma ce ta fara gani. Ta dafe ƙirji.

"Wayyo Allah! Ni ce, Auta... ni na saka. Ranar da za ki kai, na ga fayil ɗin ya yi siriri. Na ce bari in ƙara miki, kada su ce ba ki kawo da yawa ba. A ƙasan akwatina na ciro ta. Wallahi ban duba ba!"

"Umma, shekarar fa? Wa ya canja mini shekara?"

Abba ya zare madubin daga idonsa. Ya ajiye shi a kan teburin.

"Ni ne."

Na zuba masa ido.

"Kina aji biyar kika kwanta ciwo, shekara guda ba ki taka makaranta ba. Da kika warke, kin wuce shekarun zana jarrabawar shiga makarantar da kike so. Kullum kina zaune a ƙofa kina kallon 'yan ajinku suna wucewa. Rajista a hannuna take. Na ɗauki biro na rage miki shekara ɗaya. Daga nan duk takardar da ta biyo baya ta bi ta."

"Kuma ka san Umma ta saka waccan?"

"Bayan wata uku ta faɗa mini."

"Abba!" Na ɗaga murya. "Wata ashirin da uku kana kallona ina zagin ƙasata, ina zargin mutanen nan, ina yi wa bawan Allah nan gori a kan abin da ba laifinsa ba... kana cewa in ƙara haƙuri?"

"Tsoro na ji. Na ce idan na yi magana za su ce kin yi ƙarya su hana ki gaba ɗaya. Na yi ta addu'a abin ya wuce ba a lura ba." Ya sunkuyar da kai. "Da kunya kuma, Auta. Ni da nake dukan yara a kan satar amsa."

Na so in ci gaba da fushi, wallahi na so. Amma sai na hango shi, matashin malami da biro a hannu, yana kallon 'yarsa zaune a ƙofa. Na kifa kaina a gwiwarsa muka yi ta kuka, Umma na taya mu daga tsaye.

Ya janyo farar takarda, ya ture agogunan gefe.

"Kira min yaron nan."

Ba a yi awa ɗaya ba sai ga Na Gaba da kayan aiki a jikinsa, ya durƙusa a bakin ƙofa yana haki.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Dā na rage wa yarinyar nan shekara ɗaya don ta yi gaba. Yanzu na ci mata biyu ta tsaya wuri ɗaya. Ba zan ci ta uku ba." Ya share ido da bayan hannu. "Na yi rantsuwa, zan yi kaffara. Ka turo manyanka. Abu ɗaya nake roƙo: fayil ɗinta ya ci gaba da sunanta, da ƙafarta, ko shekara nawa zai ɗauka."

"Na yi alkawari, Baba. Wallahi na yi!"

Washegari mu uku, ni da Abba da Na Gaba, muka tafi ofishin. Abba ya sa babbar rigarsa, bayanin da ya rubuta da hannunsa yana cikin ambulan, ya riƙe shi gam kamar za a ƙwace. Ban san me za su ce ba.

Na ciri lamba a na'urar bakin ƙofa. Sai na ji ta sake yin ƙara a bayana. Na waiga, ga Na Gaba riƙe da tasa.

"Kai me za ka yi da lamba? Ai ka gama da su tuntuni."

Ya duba tawa, ya duba tasa, ya yi murmushi.

"Ke sittin, ni sittin da ɗaya. Wuce mu je, masoyiya. Daga yau ni ne na baya... sai an kira ki zan tashi."