Wayar Da Na Yanko a Juji

Gishirin da ake zuba wa titunan garinmu Toledo don narkar da ƙanƙara ya cinye wayar danjar motar 'yata Renata, ga shi washegari za ta tuƙa awa biyar zuwa makaranta. Bakanike ya ce sai Litinin. Ni kuwa ba zan bar 'yata ta hau babban titi ba wutar birki ba.

Na je jujin motoci na yanko waya daga wata mota da aka murƙushe ta baya. Ban tambayi abin da ya same ta ba.

Da magariba a garejin gidanmu na cire kan batir, na shige but ɗin motar da filayar matse waya ta mijina, marigayi Wendell. Shi ya koya min: a fere bakin waya, a zura a ɗan bututun ƙarfe, a matse, sannan a ja a gani ko ta kama.

Na matse, na ja, ta zame. Na sake, ta zame. Sau huɗu. Gumi ya jiƙa ni.

"Injiniya, a kawo miki kofi ne?" in ji Renata.

"Ke dai rufe min baki."

Na biyar ta kama. Na naɗe wayar a yatsa, na ja.

Aka ja daga ciki.

Warin ƙonanniyar roba ya cika but ɗin. Can gaba na ji ƙiii, an taka birki. Danja ta kama, jawur, har jikin bango.

"Renata, ɗaga ƙafarki mana!"

"Mama," muryarta ƙasa-ƙasa, daga bakin ƙofar gareji. "Ina nan."

Kan batir a cire yake.

Wayar ta shaƙe yatsana, tana jan hannuna cikin ramin fitila. Murfin but ya fara saukowa a hankali.

Na lalubo filaya. Na datse.

Renata ta fizgo ni ta ƙafa, murfin ya rufe garam.

Da safe na sayo sabuwar waya a kanti, na haɗa a tsakiyar rana, a waje. Wuta ta yi daidai. Renata ta rungume ni, ta tafi.

Ina tsaye ina kallon bayan motar. Titi miƙaƙƙe, ba kowa a gabanta. Danja ta kama sau uku.

Na kira ta a waya.

"Mama, ni ban taka komai ba."

"Juyo," na ce. "Bas za ki hau."