Sel ɗin Ticha Imoru

A unguwar Nyohini, cikin garin Tamale, akwai wata yarinya 'yar aji shida da ta iya Turanci. Ta iya kam, babu musu. Ita ke karanta wa Mmanta, wato mahaifiyarta, saƙon waya, ita ke fassara wa tsofaffin layinsu abin da rediyo ya faɗa. Sai dai yabo ya yi mata yawa, har kanta ya kumbura. A ganinta babu kalmar da ta rage ba ta sani ba.

A zangon nan aka kawo musu sabon malamin kimiyya, Ticha Imoru. Dogo ne, ba ya yawan dariya, yara suna shakkarsa. Wata rana ajin ya kaure da surutu, ya tsawata har ya gaji. Da aka kusa tashi, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi magana da Turanci. Ya ce gobe zai nuna musu sel, kowa sai ya leƙa ciki da idonsa, kada wanda ya makara. Aka buga ƙararrawa, ya fita.

Yara suka kewaye yarinyar. Ƙawarta Sanatu ta tambaye ta ko mene ne sel.

Ai kuwa ta san kalmar. Bara wani maƙwabcinsu ya yi faɗa a tasha, ta ji mata suna cewa ya kwana a sel.

"Ɗakin da 'yan sanda ke kulle masu laifi ne," in ji ta. "Saboda surutunmu zai kai mu."

Ba ta tsaya nan ba, sai da ta ƙara gishiri. Ta ce babu taga, ga sauro, ga duhu. Wani yaro mai suna Majeed ya ce ko su bi Ticha su tambaye shi. Ta harare shi, ta ce in ya fi ta Turanci ya je. Can cikin ranta ita ma ta ɗan yi shakka, amma ta haɗiye. Kafin magariba labari ya shiga kowane gida.

Washegari Mmanta, Mma Ashetu, ta ɗauki tiren albasarta za ta kasuwa. Ta ce sai ta fara ganin malamin nan tukuna. Suka tarar da wasu iyaye mata a ƙofar ajin, fuska a ɗaure. Ajin kuwa wayam, yaran da suka zo ba su cika benci biyu ba.

Ticha Imoru yana tsaye kusa da wani akwatin katako. Mma Ashetu ta gaishe shi a taƙaice, ta ce, "Ticha, yarinyata ta ce yau za ka kai su sel. Mene laifinsu?"

Ya dubi matan, ya dubi kujerun da babu kowa a kai. Bai yi fushi ba, amma jikinsa ya yi sanyi, kowa ya ga haka. Ya buɗe akwatin ya fito da wata na'ura mai dogon wuya da ɗan madubi a ƙasa. Ya ce sunanta maikuroskop, tana ƙara wa ƙananan abubuwa girma har ido ya gan su. Ya daɗe yana roƙon wani abokinsa, malamin sakandare, kafin ya ara masa. Da azahar za a zo a ɗauke ta, kuma ba za a sake bayarwa ba a bana.

Sannan ya roƙi Mma Ashetu albasa ɗaya. Ya ɓare, ya zaro wata fata siririya, ya shimfiɗa ta a kan gilashi, ya ɗiga ruwa. Ya ce ta rufe ido ɗaya ta leƙa.

Mma Ashetu ta leƙa. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago, muryarta ta yi ƙasa.

"Subhanallah. Ɗakuna ne a jere, kamar ginin bulo. Tun ina yarinya nake yanka albasa, ban taɓa sanin akwai gini a ciki ba."

Sauran matan suka ajiye kayansu suka bi layi. Wadda ta zo da faɗa a baki, ta koma tana tasbihi.

"Waɗannan ɗakunan su ne sel," in ji Ticha Imoru. "Da su Allah ya gina kowane abu mai rai. Bishiyar kaɗanya, akuya, ni da ku."

Kunya ta lulluɓe yarinyar, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Duk da haka bakinta bai mutu ba. Ta ce a hankali, "Amma Ticha, sel ɗakin 'yan sanda ne."

"Shi ma sel ne. Ba ki yi ƙarya ba. Ma'ana ɗaya kika sani, kika ɗauka ita ke nan."

Ya ce mai gyaran lantarki in ya ce sel, batirin tocila yake nufi. Ƙananan murabba'an da ke jikin allon sola a kan rufin masallaci, su ma haka ake kiransu. Asalin kalmar ɗan ƙaramin ɗaki ne, sai kowace sana'a ta ɗauka ta yi aikinta da ita.

Yarinyar ta matso za ta leƙa. Mma Ashetu ta riƙe hannunta.

"Ba yanzu ba. Ke kika kore 'yan ajinku, ke za ki je ki kawo su."

Ta fita da gudu. A gidan farko da ƙyar ta iya cewa ita ce ta yi kuskure, babu wani ɗan sanda. A gida na biyu aka yi mata dariya. A gidan su Majeed kakarsa ta ƙi yarda, sai da yarinyar ta yi ta rantsuwa. Majeed kuwa ya fito ya taya ta zagaya sauran gidajen. Wannan taimakon nasa ya fi zagi ciwo.

Rana ta yi tsaka, yara sun koma aji ɗaya bayan ɗaya. Saura Sanatu. Ashe don tsoro an tura ta unguwar Kaladan wajen gwaggonta tun da safe. Yarinyar ta tsaya a ƙofar gidansu ta fashe da kuka. Sanatu ce ke son zama nas, ita ce ta fi kowa son kimiyya. Yayar Sanatu, Anti Adisa, ta ji abin da ya faru. Ta ɗaure gyalenta, ta tayar da babur, ta ce mata ta hau.

Suna dawowa su uku a kan babur, ladan yana gyaran murya. Wanda zai ɗauki na'urar ya riga ya iso, yana jira a gindin bishiya. Ticha Imoru ya roƙe shi ya ɗan ƙara haƙuri.

Yarinyar ta tura Sanatu gaba. Sanatu ta leƙa, ta ɗago tana murmushi, ta sake leƙawa. Sai a lokacin yarinyar ta ji hankalinta ya kwanta.

Ita ce ta ƙarshe. Ticha ya cire gilashin albasa. Ya ba ta tsinke mai tsabta, ya ce ta ɗan goga cikin kumatunta. Ya shafa a sabon gilashi, ya ɗiga wani ruwa shuɗi, ya gyara madubin.

Ta rufe ido ɗaya. Da farko haske kawai ta gani. Can sai ga su, wasu abubuwa faffaɗa, shuɗi-shuɗi, kowanne da ɗigo a tsakiya.

"Ticha, wannan fa mene ne?"

"Ke ce. Irinsu ba sa ƙirguwa a jikinki, kowanne yana aikinsa, ba ki ma sani ba."

Ta ɗago ta dubi tafin hannunta kamar yau ta fara ganinsa. Mamaki ya hana ta magana, abin da bai taɓa faruwa ba a ajin nan.

Da aka tafi da akwatin, Ticha Imoru ya ce su riƙe abu ɗaya. Kalma ɗaya tana iya samun ma'ana da yawa. Kafin ka fassara ta, duba wa ya faɗe ta, kuma a kan wane aiki. In ba ka tabbata ba, ka tambaya. Tambaya ba abin kunya ba ce.

Sannan ya ce darasi na gaba a kan fos ne. Yarinyar ta riga kowa ɗaga hannu.

"Ticha, wane fos ɗin? Na 'yan sanda, ko akwai wani?"

Ajin ya kwashe da dariya. Ticha Imoru ma ya yi, ya ɗauki alli ya ce, "Akwai wani."