Jan Tawada a Kan Katakon Alhaji Rabo

Ranar da Abdulƙadir ya fara ganin Rekiya, awo ne ya kai shi gidansu a Dutsin-Ma, ba zance ba. Shekarar 1964 ce. Shi ɗan Kurfi ne, malamin duba gini, bai daɗe da dawowa daga Kaduna ba, inda ya koyi aikin a dogayen benaye masu lif, injin hawa da sauka. Duk abin da za a sa a gini, sai an kawo masa samfuri ya gwada da takardar ƙa'ida. Mahaifin Rekiya kuwa, Alhaji Rabo kafinta, shi aka ba aikin katakon riƙewa na matakalar benen wata makaranta.

Rekiya ta miƙo ruwa a zaure. Mutumin da kallo ɗaya ke isarsa ya gane karkataccen bango ya karɓi kwano, ya manta da sha.

"Malam, ruwan ma sai an auna shi?" ta ce, ta ruga ciki tana dariya.

Shi ke nan, malam ya kamu. Da yake Rekiya ta yi elementare, wasiƙu suka fara zirga-zirga a hannun Gwaggo, ƙanwar Alhaji, mai zuwa cin kasuwar Kurfi. Cikin wata huɗu manya suka san da maganar.

Sai samfurin ya zo. Takardar ƙa'ida ta ce katakon maɗaci, sumul, ba kwalliya. Alhaji kuwa, don ya girmama aikin da surukin gobe zai duba, ya yi mako biyu yana sassaƙa masa zanen dagi. Abdulƙadir ya shafa katakon. Ya san in ya ƙi, auren na iya tafiya. Haka ya ɗauki jan alƙalami ya yi rubutu, zuciyarsa na ciwo.

Alhaji ajami ya iya, bai karanta boko, amma ya san abin da jan tawada ke nufi. Ya jefa takardar a akwati.

"Shekara talatin ina sassaƙa! Kada yaron wanga ya ƙara taka mini zaure."

Bilya, ɗan wani mai sayar da hatsi, wanda ya daɗe yana son Rekiya, ya sami abin yi. Ya baza a gari cewa an rubuta Alhaji bai iya aiki ba. Rekiya ta yi kuka, sannan ta rubuta:

"Malamina, da gaske ka zagi hannun da ya rene ni? Ina son ka, amma Baba ne."

Amsa ta dawo ranar kasuwa:

"Rekiyata, sanyin idona, ban zagi Baba ba, kuma ba zan sa hannu a abin da zai ji wa yara ciwo ba, ko da zan rasa ki, Allah Ya kiyaye. Ki nemi takardar ki karanta masa duka."

Da hantsi ta sami Alhaji yana fere katako, ta durƙusa da takardar da ta ciro daga akwati.

"Baba, ka taɓa jin abin da ke ciki?"

"Mi zan ji? Ja ce."

Ta karanta: "Ban amince ba, domin yara ɗari biyu za su ja hannu a kansa kullum, sassaƙa za ta tsattsage ta soke su. Amma ban taɓa ganin aikin hannu irin wannan ba, har a Kaduna. Ina roƙon a bar Alhaji ya sassaƙa ginshiƙin ƙofar shiga, inda kowa zai gani."

Alhaji ya ajiye gizago. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Yara ɗari biyu," ya ce a hankali. "Ni ban tuna da hannuwansu ba."

Bayan girbi aka ɗaura aure, mutanen Kurfi suka cika ƙofar gida. Da aka shafa fatiha, Alhaji ya kamo hannun ango.

"Ka zaɓi ka rasa ɗiyata da ka yi mini ƙarya. Yanzu na san ita ma ba za ka yi mata ba. Allah Ya yi maku albarka, Ya ba ku zuriya tagari."

Daga cikin gida Gwaggo ta rangaɗa guɗa, Rekiya ta ce amin cikin mayafi, hawayen daɗi na zubo mata.