Wadda Ke Yawo A Gonar Damaris

Tabita ba ta ƙarasa bakin rijiya ba mata suka fara janye gugansu. Wata ta fizgo ɗanta ta tura shi bayanta, wata ta tofar da yawu, wata kuwa a fili ta ce, "Ga 'yar mai yawo nan ta zo!" Yarinyar ta tsaya da tulu a hannu, ta rasa gaba za ta yi ko baya. Wayyo maraici! Ko ƙasar kabarin uwarta ba ta gama kwanciya ba, amma ga mutanen Unguwar Marke, waɗanda take sujada da su a majami'a ɗaya tun tana goye, sun hana ta ruwan sha. Asama'u ce, matar wani manomi Musulmi da gonarsu ke iyaka da ta su Tabita, ta karɓi tulun ta cika, ta ɗora mata a ka tana cewa, "Wuce gida 'yata, kada ki tanka wa kowa."

Uban Tabita ya rasu tun tana rarrafe. Uwarta Damaris ce ta raine ta da 'yar gonar da ya bari, a wannan ƙasa ta arewacin Ɗambatta inda gonaki suka matse juna har mutum kan yi shari'a a kan kunya ɗaya. Damaris ce mai ba da waƙa a zumuntar matan majami'a, mace mai haƙuri wadda ko kazar wani ba ta taɓa kora da zagi ba. Da ta cika ana tsakar girbin dawa, Lidiya, matar Barnaba ƙanen mijinta, ita ta ce ba wanda zai yi wa gawar sutura sai ita. Ta fito tana sharɓar hawaye ta shaida wa mata cewa ta ɗaura mata zanen zumunta da ɗankwalinsa, yadda ake yi wa kowace 'yar zumunta, sannan ta rufe ta da farin ƙyalle. Aka binne ta a kusurwar gonar kusa da mijinta.

To, ba a jima ba magana ta tashi. Wani mai sammakon kai taki ya rantse ya ga Damaris tsaye a kan kabarinta da duku-duku, sanye da zanen nan da aka binne ta da shi, fuskarta fari fat! Ya watsar da jaki da mangala ya sheƙo gida. Bayansa wasu ma suka gani. Aka ce ashe mayya ce, aka ce ita ta ci jaririn da ya mutu bara, aka ce 'yar ma ai ta sha a nono. Kai, mutum abin tsoro ne! Matan da Damaris ta yi wa wankan jego su ne suka fi kowa zaƙewa.

Ranar Lahadi bayan sujada dattawan ikilisiya suka zauna a ƙarƙashin marke, aka kira Tabita ta durƙusa a tsakiya. Baba Ishaya, tsohon mai bishara wanda ido ya fara yi masa nisa, ya ɗaga hannu ya ce, "'Yan'uwa, ku ji tsoron Allah! Me muke koya muku shekara da shekaru? Mai adalci idan ya mutu, jikinsa ne kawai ke barci a ƙasa yana jiran tashin matattu. Ransa kuwa nan take yake tafiya wurin Ubangiji, a Firdausi, wurin hutu tare da kakanmu Ibrahim. Ba yunwa, ba ciwo, ba hawaye. Wanda ya shiga can ba ya dawowa ya yi yawo a gona."

Barnaba ya gyara zama, har da murmushi. "Madalla Baba, ka gama magana. Masu adalci ba sa dawowa. Ita kuwa ga ta tana dawowa, idanu da yawa sun gan ta. To ke nan ita wace ce?"

Bakin tsohon ya yi ta motsi amma kalma ta ƙi fita, sai hawaye suka gangaro cikin farin gemunsa. Barnaba ya ci gaba da cewa shi ba don kansa yake magana ba, don 'ya'yan mutane ne. A tone ta a kai ta can bayan gari inda ake yar da mushe, gonar kuma shi zai daure ya riƙe ta tunda ba mai iya taka ta, yarinyar a nema mata wani wuri. Tabita ta rarrafa ta kama ƙafarsa tana kuka. "Baffa, don girman Allah! Ka ɗauki gonar, na bar maka, wallahi na bar maka... amma kada ku tone min Iya! Kada ku raba ta da Baba!" Ya fizge ƙafarsa kamar ya taka kashin kaji. Dattawa suka sunkuyar da kai, aka tsayar da magana cewa gobe da hantsi za a tone.

Tabita ta koma ɗakin uwarta ta zube a kan tabarmar da marigayiyar ta yi jinya a kai. Ta tuna ranar ƙarshe, Damaris ta riƙe hannunta tana numfashi da ƙyar tana cewa, "Kada ki neme ni a cikin rami, Tabita. Gida zan tafi wurin Yesu, can zan jira ki." Ta yi ta addu'a tana kuka har muryarta ta dishe. "Ya Uba, kai ka san Iya! Kai ka karɓe ta! Kada ka bari a wulaƙanta baiwarka..." Can sai ta tashi zaune, ta share fuska. Idan Iya tana wurin Ubangiji, to abin da ke yawo a gonar nan ba Iya ba ce. Idan kuwa ita ce, ai uwarta ce, wadda ta goya ta, me za ta yi mata?

Ana kiran assalatu a masallacin su Asama'u ta fita, ba fitila ba sanda. Ta laɓe a bayan tarin kara cikin sanyi tana kallon kabarin. Gari ya fara shan haske, masu sammako suka fara bin hanyar da ta ratsa gefen gonar. Sai ga ta! Doguwar mace cikin zanen zumunta, fuska fari fat, tana tafe a hankali ba takalmi, ta zo ta tsaya a kan kabarin. Wasu mata biyu da ke hanya suka ƙwalla ihu suka zubar da ƙwaryarsu. Tabita ta ƙura wa zanen ido, lalle na Iya ne, ta san shi har inda ta yi masa ɗinki da baƙin zare. Ta miƙe. Maimakon ta gudu yadda kowa ke yi, sai ta doshi abin kai tsaye, hannuwanta a buɗe, tana kira da ƙarfi, "Iya! Idan ke ce ki tsaya! Ga ni, Tabitarki ce... ki tsaya ki rungume ni!"

Abin ya ja da baya. Ya ɗaga hannu yana gurnani don ya tsorata ta, ita kuwa sai ƙara matsowa take. Da ya ga saura ƙiris ta kama zanen, sai ya juya ya zuba a guje! Fatalwa da gudu! Gonar kuwa ba a daɗe da sare dawa ba, tushiyar karan na nan tsaitsaye da tsini kamar an fere. Ba ta yi nisa ba ta taka ɗaya da tafin ƙafa, ya shige har ya ɓullo ta sama, ta kife tana kururuwa. "Wayyo ƙafata! Wayyo Barnaba ka kashe ni! Ni dama na ce maka na gaji!"

Murya ce da duk Unguwar Marke suka sani. Asama'u ta fara isowa da butar alwala a hannu, ta watsa wa fuskar ruwa, toka ta wanke, ga Lidiya tsirara a idon duniya duk da zanen da ke jikinta. Kafin rana ta ɗago wurin ya cika maƙil, Kirista da Musulmi. Ba wanda ya matse ta, azaba ce ta sa ta zazzage komai: yadda ta ɓoye zanen ranar sutura, ta binne baiwar Allah da tsohon tsumma, da yadda mijinta ke tashinta da asuba ya shafa mata toka. Aka waiga neman Barnaba, aka hango shi yana sanɗa ta bayan rumbu, samari suka dawo da shi hula a hannu.

Dagaci ya tabbatar wa Tabita gonarta a gaban kowa. Ikilisiya ta yi wa Lidiya da mijinta horo, kunya kuma ba ta bar su sun kai damina a garin ba. Ƙafar Lidiya ta ruɓe, har yau da sanda take tafiya a inda suke raɓe.

Amma a safiyar nan, samarin da aka sa tonon suna tsaye da diga da shebur, sun rasa inda za su sa idonsu. Baba Ishaya ya laluba ya dafa kan Tabita ya ce, "Ni da na koya muku na yi shiru, ke kika tsaya. Uwarki tana hutawa, 'yata." Sannan ya juya ga samarin. "Tunda kun zo da kayan aiki, ku ɗebo ƙasa ku gyara mata makwancinta." Suka duƙa suna tara ƙasa, matan zumunta suka ɗauki waƙar da Damaris ta saba bayarwa, rabinsu kuka ya hana su kai ta ƙarshe. Tabita ta zauna a gefen kabarin, ta kwantar da kanta a kafaɗar Asama'u. Tun da aka yi rasuwar, sai a ranar aka bar ta ta yi kukan mutuwar uwarta.