Dutse Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Ko sakwararsa bai gama ci ba aka kira Sufeto Akinrinade: an sace dutse a tsohon cocin Oke-Ayo. Dutse, a Ekiti, inda ko akuya kan dutse take kwana! Ya wanke hannu ya tafi, gwiwoyinsa na ƙara.

Ana gyaran bangon cocin da ya tsage, kowane dutse da lambarsa ta alli. Na arba'in da ɗaya ya ɓace daga gefen ƙofa. Dattawa har sun sa an kulle maigadi Ilesanmi, mai 'ya'ya biyar.

"Shi ne, ranka ya daɗe," in ji Baba Fasanmi, tsohon maginin da ke jagorantar aikin. "Barci kamar kasa."

"Barci ya yi, ko sata? Zaɓi ɗaya, Baba."

Sufeto ya leƙa gurbin. An sassaƙe farar ƙasar da ta riƙe dutsen tsaf, an tokare saman da katako kada bango ya zauna. Shekara ashirin da bakwai yana aiki, bai taɓa ganin ɓarawo mai tausayin bango ba.

Ya sami limamin cocin.

"Wa ya gina wajen nan?"

"Mahaifin Baba Fasanmi. Ga sunansa can a allon tagulla. Gobe ma injiniya zai zo ya duba abin da ya tsaga bangon."

Sufeto ya yi ajiyar zuciya. Zarginsa ya koma kan Baba Fasanmi. Ya so a ce maigadin ne, da ya fi sauƙi.

A bayan gidan Baba ya tarar da dutsen, lulluɓe da zanen aso-oke, saƙar Yarabawa mai daraja.

"Baba, me ya sa?"

Tsohon ya zauna a ƙasa, ya shafa dutsen.

"Ɗana, dutse yana da jijiya. Kwantar da shi ake yi yadda ya kwanta a tsauni. Babana tsayar da wannan ya yi, ruwa ya bi jijiyar, bango ya dare. Irin kuskuren da shi kansa ya mare ni saboda shi ina yaro. In bar baƙon injiniya ya faɗa a gaban jama'a?"

"Sai ka bar Ilesanmi a bayan kanta?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Wannan kam laifina ne, ba na babana ba."

Sufeto bai sa masa ankwa ba, ya dai ce su tafi ofishin 'yan sanda. A bakin mota tsohon ya juyo wajen maginan da suka taru.

"In za ku mayar da shi, ku kwantar da shi. Shekara tamanin yana tsaye, ya gaji."