Shuɗiyar Laka a Gindin Bokiti

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da sauran ba. Rana ta sauka bayan katanga, inuwa ta cinye rabin tsakar gida, Kaka na zaune a ƙofar ɗakinta tana kallon ɗanta yana lallaɓa mota kamar wanda aka miƙa wa jinjiri.

Direban haya ne. Motar tsohuwa ce, ya saye ta a wani kangon gareji inda ta daɗe a gindin bishiya ba mai waiwayarta. Ya gyara inji, ya wanke jikinta har yatsunsa suka yi fari, amma in ka sa hannu cikin leda ka shafa fentin sai ka ji garas-garas kamar an barbaɗa yashi. Shi ne ya dawo daga kanti da wata shuɗiyar laka mai danƙo, ba ta fi sabulun wanka girma ba.

"Laka?" in ji Kaka. "Duk ƙasar da Allah ya shimfiɗa ƙarƙashin ƙafarka, sai ka je kanti?"

"Ba irinta ba ce, Inna. Ita ke zaro dattin da ya shige cikin fenti. Wanki ba ya fitar da shi."

"Fasinja fenti yake hawa ko kujera?"

Auta, ƙaramar 'yarsa, ta ƙyalƙyale da dariya. Uban ya harare ta, ya ci gaba da aiki. Sai ya fesa ruwan sabulu, ya goga lakar a hankali, in fuskarta ta yi baƙi ya ninke ta ya murza, dattin ya koma ciki, ya sake gogawa. Gaskiya dai, duk inda ta bi sai wurin ya yi sulɓi kamar madubi. Kaka ta taɓa da yatsa sa'ad da ya juya baya. Ta ji, amma ba ta ce ta ji ba.

Magariba ta same shi a kan benci, rufin motar kaɗai ya rage.

"Sauko," in ji Kaka. "Wannan ba lokacin aiki ba ne."

"Kaɗan ya rage, Inna."

A tsakiyar rufin lakar ta cije da wani abu. Ya danna, ya ja da ƙarfi, ya ninke, ya murza. Aka ji wani siririn sauti kamar na ɗan kyanwa da aka take, sannan shiru, irin shirun da ko kaji ba su motsa ba. Lakar ta suɓuce masa ta faɗi ƙasa. Ya yi tsaki ya jefa ta kwandon shara.

"In ta taɓa ƙasa ta gama aiki. Yashi zai karce fentin."

Kaka ba ta yar da ko igiyar buhu. Da kowa ya shiga ɗaki ta tsamo lakar, ta toshe hujin gindin bokitin wanka da ya daɗe yana yoyo. Ta zauna daram, ko ɗigo babu. Ba ta gaya wa kowa ba. Yaya za ta faɗa, bayan da bakinta ta gama kushe abin?

Washegari da magariba aka fara jifa.

Ba manyan duwatsu ba ne. Tsakuwa ce ƙanana, baƙaƙe, masu maƙalewa a yatsa kamar kwalta. Sai su zubo a kan kwano shaaa, su tsaya, su sake zubowa. Direba ya zagaya bayan gida da sanda, yana zagin 'ya'yan maƙwabta. Bai ga kowa ba. Da ya dawo, ya tarar da ƙofofin motar duka a buɗe, ga makulli a aljihunsa.

Daga nan sai murya. Ta mace ce, can ƙasa-ƙasa, tana zagaya motar tana kira, ba a gane sunan da take kira. Duk macen da ta taɓa neman ɗanta bayan rana ta faɗi ta san wannan muryar. Uwar Auta ta daina fitowa tsakar gida. Kaka kuwa ta ƙi ɗauke kujerarta.

"Gidan ɗana ne," in ji ta. "Ba wanda zai kore ni ɗaki."

Sai wata magariba Auta ta shiga wanka da ruwan zafi, ta daɗe. Uwarta ta tura ƙofa ta same ta tsaye, fuska ga bango, tana goga tafin hannu a jikin siminti. Ta goga, ta dunƙule hannun ta murza, ta sake gogawa. Aka ɗauko ta. Da Kaka ta shafa damtsenta, sai ta janye hannu da sauri. Fatar yarinyar ta yi garas-garas kamar an barbaɗa yashi.

An kai ta asibiti, an auna, ba a ga komai ba. Ta daina ci, ta daina dariya. Yarinyar da ke tsokanar kakarta har sai an bi ta da tsintsiya, ga ta kwance tana kallon rufi, hannu yana goga iska. Kullum kaushin yana hawa. Ranar da ya kai wuya, muryarta ta fara shaƙewa, Direba ya je ya ɗauko Malam.

Tsoho ne siriri, ba shi da yawan magana. Ya zagaya motar, ya daɗe yana duban rufinta, sannan ya shiga ɗaki ya zauna kusa da kan yarinyar ya soma karatu. Haske na raguwa a taga. Tsakuwa ta zubo sau ɗaya ta tsaya. Auta ta tashi zaune tsaf, kamar an ɗaga ta da igiya, muryar da ta fito bakinta kuwa ita ce mai zagaya mota.

"Ka daina. Kana ƙona ni."

"Ke wace ce?"

"Wadda ta riga su zama a motar."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ubanta ya ɗauke mini ɗa. Yana kwance a rufi, inda ya saba. Ya kankare shi, ya ninke shi cikin laka, ya murza." Idanun suka juya kan Direba. "Nasa na hannuna sai na ga nawa."

Direba ya durƙushe. "Wallahi ban sani ba. Na yar da ita, Malam. An kwashe shara tuni."

"Ƙarya ne. Yana gidan nan. Duk sa'ad da aka zuba ruwa ina jin kukansa. Wannan yarinyar ta zuba masa na zafi."

Kaka na tsaye bakin ƙofa. Ta haura shekara saba'in ba ta taɓa cewa ta yi kuskure a gaban surukarta ba, balle a gaban baƙo. Ta dubi wuyan Auta, inda kaushin ya fara hawa haɓa. Ta juya, ta tafi banɗaki, ta dawo da bokitin, ta kife shi a tsakiyar ɗaki. Ga shuɗiyar laka maƙale a gindinsa.

"Inna!"

"Rufe min baki. Ni na tsinta, ni na toshe. Ya wuce." Ta dubi abin da ke cikin jikarta ido cikin ido. "Ke, baiwar Allah. Ga naki. Ni ma uwa ce, da na san akwai rai a ciki da ban taɓa ba. Sakar min yarinya."

"A ba ni shi, a ba ni motar."

"Motar ta mai ita ce," in ji Malam. "Da ita yake ciyar da gidan nan. Ɗanki za ki karɓa, ki fita, ki rantse ba za ki dawo jikinta ba."

"To a bar mini hannunta guda."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Jikin Auta ya lanƙwashe, abin ya yi ƙara.

"Na bari! Na bari. Amma makwancinsa. Bai san wani wurin ba. Faɗin tafin hannu a rufin, kada laka ta sake hawa, kada sabulu ya taɓa."

Malam ya dubi Direba. Direba ya dubi uwarsa.

"A ba ta," in ji Kaka. "Ba a hana yaro wurin kwanciya."

Hannun da ya ninke shi, shi zai warware, haka Malam ya ce. Direba ya hau bencin nan, ya aza lakar a tsakiyar rufi, yana bismillah yana ɓare ta ninki bayan ninki. Kowane ninki da baƙin dattinsa. A na can ciki ba su ga komai ba. Sai dai ɗan sautin nan ya sake fitowa, siriri, wata iska mai ɗumi ta bi ta tsakaninsu ta haura katanga. A ɗaki Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta faɗi jikin uwarta, ta ce yunwa take ji. Kafin gari ya waye fatarta ta koma sumul.

Motar na nan tana aiki. In ta tsaya a rana sai ka kare ido. Abokan sana'arsa kan shafa ta su tambaye shi ko lakar nan tana da amfani, ko ɓata lokaci ce. Yakan ce tana yi, sosai ma, amma da hantsi, kuma mutum ya san inda motarsa ta kwana kafin ta zo hannunsa. Wanda ya yi tsawo ya hango wani ɗan wuri dusu-dusu a tsakiyar rufi ya ce a bari ya goge masa, sai Direba ya riƙe masa hannu.

Bokitin kuwa ya koma yoyonsa. Surukar ta kawo tsumma za ta toshe, Kaka ta ce a bar shi. Da magariba takan tashi daga kujerarta, ta kora Auta ɗaki, ta je ta yi ɗage ta miƙa hannu saman motar, ba ta taɓawa, kusa kawai take kaiwa. Duk ƙarfen ya huce. Wurin nan kaɗai yake da ɗumi.