Facin Garin Rogo

A wani zamani an yi wani mutum mai taurin kai. Silin ɗakinsa ya huje, ga shi surukansa za su zo ranar Juma'a. Ya kira mai gyara.

Mai gyara ya hau tsani, ya zaro wuƙa ya ce, "Maigida, sai na yanke gefen ramin ya daidaita, sannan faci zai zauna."

"Toshewa na ce, ba ƙari ba! Sauko mini."

Mutumin ya dubi farar hodar da ake facin da ita, ya ce ai garin rogo ma fari ne. Ya kwaɓa, ya shafe, ya yi sumul. Gari na wayewa ɓeraye sun cinye, rami ya ƙaru. Ya sake kwaɓawa, ya sake shafewa, rami ya sake ƙaruwa.

Ranar Juma'a surukai na cin tuwo, sai ga ƙaton ɓera tsulum cikin kwanon miya. Surukarsa ta ɗaga kai ta ga wasu suna leƙe, ta ce wa mijinta, "Malam, ashe ba mu kaɗai aka gayyata ba."

Ƙurunƙus, kan ɓeran da ya sha miya.